Bin Sawun Tsuntsayen da Ba Su da Dangi

Masana sun ƙidaya nau'in tsuntsaye wajen 11,000 a duniya, suka kasa su dangi-dangi, kusan dangi 250. Rabon bai zo daidai ba ko kusa. Akwai dangin da ya tara nau'i sama da 400, kamar na wasu ƙananan tsuntsaye masu cafke ƙwari a nahiyar Amurka, waɗanda ko gwanaye sai sun ji kukansu kafin su bambance wannan da wancan. Akwai kuma dangin da in ka ƙirga 'ya'yansa ba za su cika yatsun hannu ɗaya ba. Sama da 30 daga ciki ma tilo ne, nau'i ɗaya tak, ba wa ba ƙani, kuma da yawansu 'yan uwansu sun ƙare tun ba a san za a yi mutum a bayan ƙasa ba. Waɗannan nake bi da kyamara. Wanda ya ce sai ya ɗauki hoton kowane tsuntsu a duniya, kwana ba zai kai shi ba, aljihu ma haka. Wanda kuwa ya sa ƙananan dangi a gaba, yana da abin da zai iya ƙullawa, kuma hanya za ta kai shi wuraren da in ba don tsuntsu ba, ba abin da zai kai shi.

Na fara da wanda kowa ke cewa mai sauƙi ne. Daga Entebbe ta ƙasar Uganda ake tsallaka wani lungu na tafkin Victoria a isa fadamar Mabamba, a nan a shiga kwalekwalen katako a kutsa cikin siraran hanyoyin ruwa, ciyawar fafiras hagu da dama, ta fi mutum tsayi nesa ba kusa ba. Inda ruwa ya yi ƙasa sai a kashe inji a koma sanda, inda sanda ta gaza sai matuƙi ya naɗe wando ya sauka cikin laka ya tura. Masu jagorar yawancinsu 'ya'yan masunta ne, kuma sun san inda tsuntsun ya kwana jiya. Abin da muka zo nema shi ne shubil, wanda Larabawan Sudan ke kira abu markub. Tsayinsa ya haura mita ɗaya, jikinsa ruwan toka, bakinsa kuwa tsawonsa ya kai santimita 20, ga faɗi, ga ƙugiya a ƙarshe. An daɗe ana sa shi cikin dangin shamuwa saboda dogayen ƙafafu, sai binciken ƙwayoyin halitta ya nuna ya fi kusa da kwasakwasa. Shi kaɗai ne a danginsa.

Mun same shi tsaye a kan ciyawa mai yawo bisa ruwa, ya sunkuyar da baki ya ɗora a ƙirji. Daga nan ba abin da ya ƙara faruwa. Cikin minti biyar na ɗauki irin hoton da duk wanda ya taɓa zuwa Mabamba yake da shi: katon kai, ido fari-fari yana kallonka, koren ciyawa a baya. Hoto ne mai kyau, amma bai ce komai ba. Abin da ya sa shubil ya zama shubil shi ne gaiwa. Gaiwa kifi ne mai huhu, dole ta taso saman ruwa lokaci-lokaci ta shaƙi iska, shi kuwa wannan tasowar yake jira, in ta kama ya yi sa'a guda bai ɗaga ƙafa ba zai yi. Sai na roƙi matuƙi ya kafa sanda ya ɗaure kwalekwalen, wasu jirage suka zo suka ɗauki hotonsu suka tafi, mu muna nan. Na sa ƙyaftawar kyamara a kashi ɗaya cikin 2,000 na daƙiƙa, don kwalekwale ba ya daina rawa, gilashi mai jawo nesa kuwa duk 'yar girgiza sai ya ninka ta. Rana ta fara cizo, hannu ya fara sagewa. Da lokaci ya yi, ba sara ya kai da wuya irin na zalɓe ba, gaba ɗayansa ya faɗa, kai da ƙirji da fukafukai, har ka ce tuntuɓe ya yi. Ya ɗago baki cike da ciyawa da laka, wutsiyar gaiwa tana lilo a gefe guda. Ya yi ta kaɗa kai gefe da gefe har ciyawar ta zube, kifin ya saura, sannan ya haɗiye. Bayan haka ya ɗebi ruwa ya sha, ya koma tsayuwarsa kamar ba shi ba.

A hanyar komawa muka wuce ɗan uwansa na kusa, hamakof, wani tsuntsu ruwan ƙasa mai tukku a ƙeya. Shi ma tilo ne a danginsa, amma ba wanda ke biyan kuɗin jirgi don ya gan shi, domin ya cika Afirka kudu da Sahara har Madagaska da kudancin ƙasar Larabawa. Wannan abu ne da mutane ke yawan cakuɗawa: ƙanƙantar dangi daban, ƙarancin tsuntsu daban. Shubil 'yan dubbai suka rage, hamakof kuwa ko'ina akwai ruwa da kwaɗi za ka same shi. Hoton hamakof da ba sheƙarsa a ciki, a wurina rabin hoto ne. Tsuntsun da bai kai kaza nauyi ba yakan tara dubban ƙirare a cokalin bishiya ya gina sheƙa mai rufi, faɗinta ya kai mita ɗaya da rabi, ƙofa 'yar ƙarama a ƙasa an shafe ta da laka, ƙarfinta har mutum ya hau ba ta rushe ba. Mujiya da agwagin daji sukan ƙwace ta, shi kuwa ya koma gefe ya soma wata.

A Ghana zama ne aikin gaba ɗaya. Bonkro ƙaramin ƙauye ne a kudu da Kumasi, gonakin koko sun kewaye shi. Bayan azahar ake tashi, a ratsa gonakin, a shiga kurmi, daga nan hanya ta miƙe sama, hawa mai sa mutum ya tuna da duk abin da ya cusa a jaka ba dalili. A can saman akwai wani katon dutse da ya yi rumfa, a jikinsa kuma, inda ruwan sama ba ya taɓawa, ga sheƙuna na laka a manne, kowace ta fi ƙoƙon hannu biyu girma. Mutanen ƙauyen sun kafa benci na katako a gaban dutsen. Sharaɗi uku ne: ba magana, ba motsi, ba filasha. Ka zauna, zufa na bin bayanka, wasu ƙananan ƙudaje masu shan gumi suna shiga ido da kunne, ba halin korar su da hannu.

Pikatartis ake jira. Nau'i biyu ne kacal a danginsa. Wannan na Ghana, mai farin wuya, yana zaune daga Gini zuwa Saliyo, Laberiya, Kodebuwa har Ghana. Ɗayan, mai tokar wuya da kai ja da shuɗi da baƙi, yana daga kudu maso gabashin Najeriya zuwa Kamaru da Gabon. A Ghana an daina ganinsa tun shekarun 1960, har aka fid da rai, sai a 2003 aka sake gano shi. Yau mutanen da a da farauta ke kai su wannan kurmi su ne masu gadin dutsen, kuɗin da baƙi ke biya kuma ya taimaka wajen gina makaranta a ƙauyen.

Ba ya sanar da zuwansa. Haske ya fara janyewa, na duba wata kurangar da tun ɗazu ba komai a kanta, sai ga shi. Kansa ba gashi ko ɗaya, fata ce rawaya sumul, da baƙin tabo biyu manya a ƙeya, baki baƙi mai kauri. Wuya da ciki fari fat, baya baƙi-baƙi, wutsiya doguwa. Ba tashi yake yi ba, ba kuma tafiya ba: tsalle yake, dogon tsalle mai taushi daga kuranga zuwa dutse, daga dutse zuwa saiwa, ba ka jin ko ƙwas. Ya dube mu, ya gyara gashin fiffike, na biyu ya iso, na uku ya biyo. Wahalar mai kyamara a nan haske ce. Na ɗaga ISO, wato ma'aunin ƙarfin kyamara na kama haske, har 12,800, duk da haka ƙyaftawa ba ta wuce kashi ɗaya cikin 100 ba, wanda ke nufin in ya motsa hoto ya tafi. Dabarar ita ce ka karanci tsallensa. Duk sanda ya dira yakan daskare na ɗan lokaci, bai fi numfashi ɗaya ba, a wannan tazarar za ka danna. Kyamarar da ba ta ƙara in an danna ta fi dubu a irin wannan wuri. Da na ga hankalinsu ya kwanta sai na rage jawowar gilashin, na bar dutsen da sheƙar laka da duhun kurmi suka shigo cikin hoton, tsuntsun ya zama ƙarami a kusurwa. Wanda ke gefena ya cika hotonsa da kai kaɗai, har ana ganin ƙwayar fata. Nasa zai fi samun masu yabo a intanet, na sani, amma wanda ya gani ba zai san cewa tsuntsun nan ba shi da rayuwa in ba dutse mai rumfa a tsakiyar kurmi ba. A sare bishiyoyin da ke kewaye da dutsen, ko dutsen na nan, an gama da shi.

Kafin in bar Ghana na haura arewa, bakin kogin Farar Volta, don ladin kogi. Shi ne ɗan tsuntsun nan mai baƙi da fari da toka da ruwan goro a ciki, wanda ake danganta shi da tsohon labarin nan na sakace wa kada haƙori, abin da har yau ba wanda ya kawo sahihin hotonsa. Abin da yake yi na gaskiya ya fi labarin daɗi: binne ƙwansa yake a cikin yashi, in rana ta yi zafi ya je ya jiƙa gashin cikinsa a kogi ya dawo ya zauna a kan wurin ya sanyaya shi. Ko 'ya'yansa, in ya ga haɗari, yashi yake watsa musu ya rufe su. Kwanciya na yi rub da ciki a kan yashin, kyamara a ƙasa, ya yi ta kai-komo a gabana bai damu ba.

Da masana suka bi jinin pikatartis don su ga waye nasa, amsar ta ba kowa mamaki. Makusantansa biyu ne. Na farko wani dangi mai nau'i biyu a duwatsun Afirka ta Kudu da Lesotho, masu tsalle a kan duwatsu. Na biyu wani tsuntsu tilo a kurmin Malesiya da Sumatra da Borneo. Dangi uku, nau'i biyar, tsakaninsu dubban kilomita, ba wanda ya yi kama da wani. Wannan ya sa na ga dole in haɗa hotunansu a shafi ɗaya. Na Afirka ta Kudu bai ba ni wuya ba sai iska. A Rooi-Els, gabas da birnin Cape Town, inda dutse ya gangaro har bakin teku, iska na neman ƙwace kyamara daga hannu, namijin ya hau kan wani farin dutse ya baza wutsiya, ido ja wur, ciki ruwan jan ƙasa. Ɗan uwansa sai an hau mashigar Sani a kan iyakar Lesotho, sama da mita 2,800, inda numfashi ke yin gajere. A wannan tafiya na samu tsuntsun sukari a ɓagas, shi ma dangin nau'i biyu, yana kan furen protiya da wutsiyarsa da ta ninka jikinsa tsawo.

Na Malesiya shi ne ya sa na yi dogon tunani a kan sana'ar nan. A kurmin Panti da ke jihar Johor, ba a ganinsa sai dai a ji shi: fito ɗaya dogo, siriri, ba hawa ba sauka, ba ka sanin ta ina yake fitowa. A ƙasa yake tafiya yana kaɗa kai gaba da baya, in zai yi kuka sai ya sunkuyar da wuya har kusa da ƙasa, wata shuɗiyar fata ta kumburo a gefen wuyan. Hanyar da kusan kowa ke bi ita ce a kunna masa kukan ɗan uwansa a waya, ya zaci wani ya shigo masa gida, ya fito neman faɗa. Sau ɗaya ko biyu, ba na jin an yi ɓarna. Amma wuraren da aka san yana nan kaɗan ne, kuma ayari bayan ayari kowa da lasifikarsa. Tsuntsun da ya kamata ya yi kiwo ya ciyar da 'ya'ya ya wuni yana neman abokin gaban da babu shi. Na ga mutum ya bar waya tana ta kuka a kan kututture kusan rabin sa'a, shi yana can yana gyara ƙafafun kyamara. Jagoranmu fito ya yi da baki sau biyu ya yi shiru, muka tsuguna. Hoton da na samu rabin jiki ne, ganye ya tare sauran, amma shuɗin wuyan ya fito.

Madagaska kuwa duk mai wannan nema sai ya je, domin tsibirin ya daɗe a ware, ya rabu da Indiya tun wajen shekara miliyan 88 da suka wuce, ya kuma riƙe dangogin da ba su ko'ina: mesit nau'i uku, rolar ƙasa nau'i biyar, asiti nau'i huɗu, sai vorondreo shi kaɗai, wanda ya ɗan leƙa har tsibiran Komoros. Watan Oktoba da Nuwamba ne lokacinsu, sanda rolar ƙasa ke kuka, in ba haka ba sai ka wuce ta taku biyu ba ka sani ba. Huɗu daga cikin biyar ɗin suna kurmin gabas, wajen Andasibe da Ranomafana, inda ruwa ke sauka ba sallama, matsattsaku na hawa ta cikin safa, gilashin kyamara kuma yana yin hazo da zarar ka fito da shi daga jaka. Na koyi barin kyamara a baranda cikin jakarta tun asuba, ta saba da iskar waje kafin a tashi. Vorondreo shi ne mai sauƙin ji, yana shawagi a saman kurmi yana wani fito mai ƙarfi, kai kuma kana ƙasa kana ɗaukar baƙin abu a farin sama. An tono ƙasusuwan kakanninsa da suka zama dutse a Jamus da Amurka, ka ji inda dangi ya taɓa kaiwa kafin ya tsuke ya koma tsibiri.

Rolar ƙasa ta biyar, mai doguwar wutsiya, tana can kudu maso yamma, arewa da Toliara, a wani siririn yanki na dajin ƙaya tsakanin kogin Mangoky da na Fiherenana. Jan yashi ne, da kukoki masu kumburarren ciki, da wasu itatuwa dogaye da ƙaya ta rufe su daga gindi har sama. Tun duhu ake shiga, don kafin ƙarfe tara zafi ya kori kowa. Samarin ƙauyen Ifaty da ke jagora ba na jin akwai wanda ya fi su iya bin sawu: su dubi yashi su ce ta wuce nan ba da daɗewa ba, su watsu cikin ƙaya da silifa, jim kaɗan ka ji fito. Sai su kewaye tsuntsuwar su turo ta a hankali zuwa inda aka tsugunar da kai. Mesit na wannan daji kuma, in aka matsa masa yakan tashi ya hau reshe ya sandare, kai ƙasa wutsiya sama, ya daɗe a haka. Kusan duk hotonsa da ka gani a duniya a wannan hali aka ɗauka, wato hoton tsoro ne. Na ɗauka, ban daɗe ba na ce mu tafi. Ba na ɗora wa samarin laifi. A hanyar da muka bi, buhunan gawayi ne jere a bakin titi, kuma daga wannan dajin aka ƙona su. Inda tsuntsu ke kawo kuɗi ne kawai bishiya ke tsira. Laifin da nake gani na baƙon da ya samu hoto ɗari bai ƙoshi ba ne.

Daga Puerto Maldonado ta ƙasar Peru ake gangara kogin Madre de Dios, a sauka a taka wajen kilomita uku a kurmi, a shiga kwalekwale a tafkin Sandoval. Hanci ne ya fara sanar da ni howatzin, wari irin na ɗanyen kashin shanu. Dalilinsa kuwa shi ne abin da ya raba shi da duk tsuntsun duniya: ganye yake ci, kuma jakar da ke ƙasan wuyansa, inda sauran tsuntsaye ke ajiye abinci na ɗan lokaci, shi a nan ƙwayoyin bakteriya ke ruɓar da ganyen kafin ya wuce ciki, yadda ake yi a tumbin dabbobi masu tuƙa. Jakar ta yi girman da ta ci wurin naman ƙirji, shi ya sa tashinsa abin tausayi ne, daga wannan reshe zuwa wancan sai ya faɗa da ƙarar fukafukai da huci. In ya ƙoshi sai ya kwantar da ƙirji a kan reshe, har kanta gare shi a wurin. Fuska shuɗiya, ido ja, tukku tsaye a wargaje. Ɗaukarsa ba wuya, ba ya zuwa ko'ina, matsalar kawai rassa da ke gitta masa a fuska, sai ka yi ta roƙon mai tuƙi ya matsa taku ɗaya baya. Abin da na so shi ne 'ya'yan. A kan ruwa suke sheƙa, kuma ɗan howatzin yana da farce biyu a kowane fiffike. In biri ko shaho ya zo sai ya faɗa ruwa, ya yi iyo, in ƙura ta lafa ya kama reshe da farcen da baki da ƙafa ya hau. Wani ya ba da shawarar a matsa kusa da sheƙa don su yi tsalle mu ɗauka. Mai tuƙinmu ya ƙi, ya nuna mana kan wani kada da ke kwance a ƙarƙashin bishiyar. An sami ƙasusuwan dangin howatzin a Namibiya da Faransa, amma har yau masana na jayayya a kan wane tsuntsu mai rai ne ya fi kusa da shi.

A Tingo María, can tsakiyar Peru, akwai kogon da guwacaro ke kwana, tsuntsun da masanin kimiyya Bajamushe Alexander von Humboldt ya bayyana bayan ya shiga kogon Caripe na Venezuela a 1799. Da dare yake fita cin 'ya'yan itatuwa masu mai, a cikin duhun kogo kuma da amsa-kuwwa yake gane hanya irin ta jemage, sai dai nasa ƙyas-ƙyas ɗin kunnen mutum na ji. 'Ya'yansa kan yi ƙiba har su fi iyayen nauyi, a da ma dafa su ake yi a tatsi mai. Idonsa an yi shi ne don duhu, saboda haka ban ga hujjar watsa masa filasha ba. Na kafa kyamara a kan ƙafafunta uku kusa da bakin kogon, na bar ta a buɗe daƙiƙa guda cur a kan wasu biyu da ke kwance a kan dutse, na yi ta maimaitawa har aka dace ba wanda ya motsa.

Wasu dangogin ba su ci mini takalmi ba. A Santo Domingo, babban birnin Jamhuriyar Dominika, tsuntsun da ƙasar ta ɗauka a matsayin alamarta, wanda shi ma tilo ne, yana cikin gari yana tara ƙirare a kan dogayen bishiyoyi dangin kwakwa, iyali da yawa a sheƙa guda. A tsibirin da ƙasar take kuma akwai biyu daga cikin todi biyar na duniya, 'yan mitsi-mitsi kore shar da jan maƙogwaro, nauyinsu 'yan giram kaɗan ne, ramin sheƙa suke haƙawa a gefen gaɓa. A yankin Kutch na Indiya na tsaya da sassafe gaban bishiyoyin asawaki ina jiran hifokoliyas, wanda ke hayayyafa a Iraƙi da Iran ya zo cin 'ya'yansu da sanyi. A Mida Creek ta gaɓar Kenya kuma, lissafin cikar teku da janyewarsa ne ya ba ni mai cin ƙaguwa, fari da baƙi, wanda ya saɓa wa duk tsuntsayen bakin ruwa ta wajen haƙa rami ya sa farin ƙwai guda ɗaya a ciki.

Mafi nisa ita ce Sabuwar Kaledoniya, tsibirin da ke ƙarƙashin Faransa a tekun Pasifik, gabas da Ostireliya. Daga Nouméa mota ke kai ka gandun Rivière Bleue, ta cikin jar ƙasa mai arzikin ƙarfen nikel, ka wuce matattun bishiyoyi tsaye cikin ruwan da madatsar Yaté ta tara. Kagu da asuba yake kuka, miji da mata suna karɓa wa juna, wanda bai sani ba zai rantse 'yan kwikwiyo ne ke haushi a daji. Tsuntsu ne fari-fari mai ruwan toka, ƙafa da baki ja, tsawonsa wajen santimita 55, yana da fukafukai cikakku amma ba ya tashi da su. A kan hancinsa akwai wasu 'yan marufai na fata da ba wani tsuntsu mai irinsu, ana jin suna tare ƙasa ne in yana tonon tsutsa. Ƙwai ɗaya yake yi, a ƙasa. Tsibirin ba shi da dabba mai shayarwa mai cin nama kafin mutane su kawo karnuka da kyanwa da ɓeraye da aladu, shi ya sa kare ɗaya da ya kuɓuce zai iya share kagun wani yanki cikin ɗan lokaci. A gandun ana yaƙi da waɗannan dabbobi tun shekarun 1980, kuma tsuntsun ya farfaɗo har ya daina gudun mutane.

Wannan rashin tsoro ya kawo mini matsalar da ban saba da ita ba: gilashina ya yi tsawo. Kagu ya taho yana 'yan gudu yana tsayawa, ƙafa ɗaya a sama, kai a karkace yana sauraren ƙasa, har ya shigo tazarar da kyamara ta kasa kama shi. Na ja da baya, ya biyo. Sai da na canza zuwa ƙaramin gilashi. Farin tsuntsu a duhun kurmi kuma yakan ruɗi kyamara ta ƙona gashinsa ya zama fari ba zane, don haka na rage haske da mataki ɗaya. Can wani kagun ya ɓullo daga cikin ganye, na gabana ya miƙe, ya tayar da tukkun da ke kwance har bayansa, ya buɗe fukafukai, sai ga ratsin baƙi da fari da ruwan ƙasa da ba a gani in ya rufe. Wannan buɗe fiffiken na taɓa ganin irinsa a bakin wani rafi a Kosta Rika, wurin wani siririn tsuntsu mai zanen rana a fukafukai, shi ma tilo a danginsa. Bincike ya tabbatar su biyun su ne makusantan juna a duk duniya, ga faɗin Pasifik a tsakaninsu.

Da na biyo ta Ostireliya na tsaya a filayen Deniliquin, inda ake fita da dare a mota ana haska gajeriyar ciyawa don neman wani ɗan tsuntsu mai yawon fili, wanda macen ta fi namijin girma da ado, ta yi ƙwai ta bar masa kwanci. Yana cikin waɗanda suka fi kusa da ƙarewa, makusantansa kuma suna Kudancin Amurka. Saura tsaunukan tsibirin Niyu Gini, arewa da Ostireliya, inda ƙananan dangogi suka taru fiye da ko'ina, har da ifrita mai shuɗin kai wanda gashinsa ke ɗauke da dafin da yake samu daga ƙwaron da yake ci. Wajen Mount Hagen za a fara, sama da mita 2,000, kurmi mai hazo da ruwa kusan kullum. Na riga na sayi rigar ruwa ta kyamara da ƙarin batura, ina kuma neman gilashin da ya fi nawa shan haske, don an ce a can ko da tsakar rana ISO ba ya sauka.